Batirin laftof ya gaji: a canza shi ko a jira sababbin da za su fito?

Wata malama da ke koyarwa a wata sakandare ta wajen Unguwar Rimi a Kaduna, kuma take haɗa digiri na biyu, ta aiko da tambaya. Laftof ɗinta ta gwanjo ce, mai furosesar Intel (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) Core i5 zubi na takwas, shekara uku ke nan a hannunta. Da farko takan yi awa huɗu ba wuta, yanzu ko minti arba'in ba ta kaiwa, wani lokacin ma tana nuna saura kashi 30 sai ta mutu ɗif. Ƙaninta ya ce kada ta zuba kuɗi a kan batir, ta daure ta jira sababbin da ake cewa suna wuni su kwana ba caji. Wanne za ta yi?

Malama, ki canza batir. Na daɗe a kan teburin gyara a garin nan, kuma tambayarki na zo mini kusan kowane mako, musamman daga Maris zuwa Afrilu idan zafi ya kankama. Amma kada ki tafi da maganata haka kawai, domin akwai inda ƙaninki yake da gaskiya, zan kuma zo wurin.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki bari kwamfutar ta faɗa miki halin da take ciki da bakinta. A Windows, ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport ki danna Enter. Za ta ajiye miki wani rahoto, ta kuma nuna miki inda ta sa shi. Layi biyu kawai nake so ki duba. Na farko Design Capacity, wato abin da batirin yake ɗauka ran da ya bar masana'anta. Na biyu Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau idan kin cika shi maƙil. Misali, idan na farko ya nuna 50,000 mWh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, daidai da 50 Wh), na biyu ya nuna 21,000, to saura kashi 42 cikin ɗari ke nan na ƙarfinsa. Irin kwamfutarki takan sha kamar wat 10 a aikin rubutu da bincike, don haka wancan 50 ɗin awa biyar ne, wannan 21 kuwa awa biyu da ɗan ɗoriya. Mai MacBook kuma ya shiga System Information, ɓangaren Power, zai ga adadin zagayen caji da lafiyar batirin.

Zagayen caji ba yana nufin duk lokacin da aka jona caja ba. Ana ƙirga zagaye ɗaya ne idan jimillar abin da kika sha ya kai kashi ɗari. Kin sha rabi yau kin cika, kin sha rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce batiran MacBook na zamani an yi su ne su kai zagaye 1000 suna riƙe da kusan kashi 80 na ƙarfinsu. Yawancin laftof ɗin Windows da ke yawo a kasuwarmu sukan fara nuna gajiya tun kafin nan. Ki kuma tuna taki ba a hannunki ta fara rayuwa ba. Zubi na takwas na Intel ya fito ne a 2017 zuwa 2018, wato wani ma'aikacin ofis a Turai ko Amurka ya riga ya more ta shekaru kafin ta hau jirgin ruwa.

Abin da ke faruwa a cikin batirin shi ne wannan. Batirin litiyom, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, ɓangare biyu ne da wani ruwan sinadari a tsakani. Idan kina caji, ƙwayoyin litiyom su ƙaura zuwa ɓangare ɗaya. Idan kina aiki, su dawo. A kowace kai-komo wasu kaɗan sukan maƙale, su zama wani ɓawo a jikin ɓangaren, kamar yadda ƙanzo ke taruwa a gindin tukunya. Wanda ya maƙale ya tafi ke nan, ba ya dawowa aiki, ɓawon kuma yana ƙara toshe wa sauran hanya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ko ba a taɓa batir ba, yana kwance a cikin kwali, wannan tsufan yana ci gaba. Abubuwa biyu ne ke hanzarta shi: zafi, da daɗewa a cike.

To mu a Kaduna duka biyun mun tara. Apple da kansa ya rubuta cewa yanayin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. Rana nawa ce a bazara ba mu haura 35 a cikin ɗaki mai rufin kwano? Wannan fa zafin ɗaki ne, ba a zo na cikin kwamfutar ba, inda batirin yake kwance kusa da furosesa. Ki ƙara da ƙurar hunturu. Duk laftof ɗin da na buɗe a watan Fabrairu sai na ciro wani abu kamar audugar katifa daga bakin fanka. Ki ƙara da ɗabi'ar da kusan kowa ke yi, ni ma har da 'ya'yana, ta ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo ko kafet, inda ƙofofin iskarta na ƙasa suke toshewa. Sannan ga yanayin wutarmu, wanda ya koya mana mu riƙa kai batir ƙarshen bango biyu. An kawo wuta, a jona har ya cika a bar shi a jone. An ɗauke, a matse shi har sai ya mutu da kansa. Waɗanda suka sa sola da inbata sun tsira daga na biyun, amma sai su bar ta a jone wata da watanni a kashi ɗari, cikin zafi. An gudu daga gidan gara an faɗa na zago. Mafi yawan batiran da suka kumbura da nake gani daga irin waɗannan gidajen da ofisoshin suke fitowa.

Mutuwar da take yi a kashi 30 kuwa tana da nata bayanin. Batirin laftof ba ƙwaya ɗaya ba ne, sel uku ne ko huɗu a jere, da wani ɗan ƙaramin fanel da ke gadinsu. Ba sa tsufa tare. Idan ɗaya ya fi sauran rauni, da zarar kin buɗe abu mai nauyi ƙarfinsa zai faɗi ƙasa da iyakar da aka gindaya, mai gadin nan ya yanke wuta gaba ɗaya don kada sel ɗin ya lalace ko ya jawo haɗari. Lissafin da ke kan allo bai san da wannan ba, shi yana can yana ce miki saura 30. Ana iya daidaita lissafin ta hanyar cika batir, a bar shi ya sauka har ƙasa, a sake cikawa ba tare da yankewa ba. Wannan zai sa lambar ta daina yi miki ƙarya, amma ba zai dawo da ko minti ɗaya na ƙarfin da ya tafi ba. Duk wanda ya ce zai farfaɗo miki da batir da wata manhaja, kuɗinki yake so. Haka nan maganar sa batir a firiza, da ta cajin awa takwas kafin fara amfani, da ta cewa sai ya ƙare tas kafin a jona. Waɗannan na ƙarshe gadon zamanin batiran nikel ne, ba su shafi litiyom ba, ƙarar da shi tas ma cutar da shi yake yi.

Ana yawan ɗora wa janareta laifi. A ganina ba shi ke kashe batir kai tsaye ba, domin wutar sai ta bi ta caja ta koma wata iri kafin ta shiga. Abin da wutar inji marar daidaito ke ƙonawa shi ne cajar, idan kuma cajar jabu ce sai ta wuce da matsalar zuwa babban fanel ɗin kwamfutar. Can ne asarar take da girma.

Abu ɗaya ne ba na so ki yi wa jinkiri ko na kwana ɗaya. Ki ajiye kwamfutar a kan tebur ki duba. Tana rawa kamar gindinta ya yi tudu? Wurin da kike shafawa da yatsa ya ɗago, ko ya daina dannuwa? Murfin ƙasa ya fara buɗe baki? To batirin ya kumbura, iskar gas ce ta taru a cikinsa. Kada ki ƙara jona shi, kada ki danna shi, kada ki bari wani ya huda shi da allura wai iska ta fita. Na taɓa ganin wanda ya gwada haka a kan benci, Allah ne ya kiyaye shagon. Wutar litiyom ba wasa ba ce. A 2006 Dell sai da ya janye batira miliyan 4.1 daga hannun jama'a saboda haɗarin kamawa da wuta, kuma waɗannan na asali ne daga masana'anta, balle wanda ya tsufa ya kumbura.

Yanzu ga maganar ƙaninki. Abin da ya ji gaskiya ne, sababbin suna daɗewa. Amma ina so ki lura da inda daɗewar ta fito. A Nuwamban 2020 Apple ya fito da MacBook Air mai furosesar M1, ya ce tana kai awa 18 ana kallon bidiyo. Batirinta 49.9 Wh ne, kusan daidai da na cikin taki ran da yake sabo. Ba randar ce ta ƙara girma ba, mai sha ne ya rage kurɓa. Randar ma tana da iyaka: dokar jiragen sama ta sa 100 Wh a matsayin abin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izini ba, shi ya sa ko manyan laftof suke tsayawa a 99 da ɗigo. Ɓangaren Windows ya ɗauki shekaru yana bin baya, sai a 2024 ya matso. A watan Yuni aka fara sayar da masu Snapdragon X na Qualcomm, waɗanda Microsoft ya sa wa suna Copilot+ PC, a tsakiyar shekarar AMD ya kawo Ryzen AI 300, a Satumba kuma Intel ya fito da Core Ultra 200V. Duka gasar a kan rage shan wuta ce. Sinadarin da ke cikin batirin kuwa dangin wanda ke cikin taki ne. Ki kawo sabuwa fil Kaduna, ki ɗora ta a kan katifa bazara uku, za ki dawo mini da irin wannan tambayar, sai dai tunda daga awa goma sha wani abu ta fara, ko ta rage rabi tana da sauran amfani. Wannan ribar gaskiya ce, ban raina ta ba.

Sai dai awannin da kamfani ke rubutawa a talla a kan bidiyo ake auna su, da hasken allo a rage, a ɗaki mai sanyi. Ke da za ki buɗe shafuka ashirin, ki jona wayarki tana ba ki intanet tana kuma zuƙar caji daga kwamfutar, ki ƙure haske saboda rana, kada ki sa ran ganin wannan lambar. Akwai kuma abin da talla ba ta faɗa. Masu Snapdragon tsarin furosesarsu daban ne da wanda Windows ya saba da shi, don haka wasu tsofaffin manhajoji da direbobin tsofaffin firintoci, wato manhajojin da ke haɗa firinta da kwamfuta, sukan ƙi aiki a kansu. Kafin mai bincike irinki ya sayi ɗaya, sai ya tabbatar manhajar da yake nazarin alƙaluma da ita tana tafiya. A Core Ultra 200V da MacBook duka, RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a haɗe take da furosesa, abin da kika saya da shi za ki ƙare, ba ƙari. Yawancin siraran nan ba a buɗe su cikin sauƙi, wasu batirinsu da gam aka manne. Idan fanel ɗinsu ya samu matsala, kayan gyaransu ba su cika kasuwarmu ba tukuna, sai an aika Legas ko a jira daga Caina. Irin taki kuwa, ko ina kika shiga a layin masu gyara na Ahmadu Bello Way za ki samu mai kayanta.

Sannan jiran har yaushe? Kowace Janairu akwai baje kolin sababbin na'urori na CES a Las Vegas, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni akwai Computex a Taipei, Apple kuma tun M1 kusan kowace shekara sai ya ƙara lamba. Babu watan da za ki tashi a ce ba wata sabuwa a hanya. Mu kuma nan ba ranar fitowar kaya ke damunmu ba, ranar da za su sauko inda hannunmu zai kai ita ce magana. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, sabuwar laftof a kwali ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Daga ƙarshen 2025 kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe ta, wannan kuwa ba alamar sauƙin farashi ba ce. Hanyar da kwamfuta ke bi ta iso mana sananniya ce: kamfanonin waje su yi aiki da ita shekara uku ko huɗu, su sayar a dunƙule, ta sauka Legas, ta bi ta kasuwar Computer Village ta Ikeja, sannan ta hauro Arewa. Waɗanda ƙaninki yake gani a bidiyo yau, sai nan da wasu shekaru za su zo mana da farashin mutunci, kuma za su zo ne da batirin da wani ya riga ya sha rabinsa. Ke kuwa kundin digirinki bana ake jiransa. Zaman jiran gawon shanu ke nan, kina maƙale a jikin soket.

Akwai abu biyu da ni kaina nake ɗokin gani, kuma ba daga masu talla suka fito ba, daga dokokin Tarayyar Turai ne. Daga 28 ga Afrilun 2026 dole sababbin laftof da ake sayarwa can su karɓi caji ta USB-C. Daga 18 ga Fabrairun 2027 kuma dokar batir ta 2023 ta ce na'urorin hannu su zama mai su zai iya cire batir ya sa wani da kayan aikin da ake samu a kasuwa, ban da wasu 'yan nau'o'in da aka keɓe. Tunda kaso mai yawa na gwanjonmu daga can yake zuwa, wata rana za mu ci moriyar wannan. Amma wannan ma maganar shekaru ce.

Inda zan goyi bayan ƙaninki shi ne da a ce kwamfutar ta girmi haka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ban da 'yan kaɗan. Mai zubi na shida ko na bakwai, ga maƙalar murfi ta karye, ga RAM 4GB da ba ta ƙaruwa, ga fanel da aka taɓa yi wa aiki, shi zan ce ya tara kuɗinsa ya canza. Ko shi ɗin ba sabuwar da za ta fito zan ce ya jira ba, ya nemi ta hannu mai zubi na goma sha ɗaya ko sha biyu. Taki ta tsallake wannan layin, ƙyar da ƙyar amma ta tsallake. Idan tana da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da RAM 8GB, ko aka ƙara mata zuwa 16, za ta kai ki ƙarshen karatunki har ta wuce. Kuɗin batir mai kyau kuwa ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin sabuwa.

Wurin sayen ne ake yin kuka, don haka ki natsu a nan. Kada ki je da sunan kwamfutar kawai. A buɗe ta a ɗauki hoton takardar da ke jikin tsohon batirin, akwai lambar samfurinsa da bolt da Wh, su za a dace. A kasuwa iri uku za ki tarar. Akwai na asali sabo, shi ne mafi tsada kuma mafi wuyar samu ga kwamfutar da ta kai shekarun taki. Akwai na asali da aka ciro daga wata kwamfutar, wanda sa'a ce kawai. Akwai kuma na wasu kamfanoni, a cikinsu akwai nagari akwai tarkace, wasu har da tambarin da ba nasu ba. Ko na asalin ne ki duba ranar da aka ƙera shi, domin wanda ya shekara biyar a kan kanta ya tsufa yana kwance, kamar yadda na faɗa a baya. Idan aka ce miki orijina ne amma kuɗinsa rabin na kowa, araha ba ta ado. A sa shi a gabanki, a cika shi, ki sake fitar da rahoton nan ki ga lambobin biyu sun yi kusa da juna. Jabun ma wani lokaci yakan rubuta lambar ƙarya, saboda haka gwajin gaskiya shi ne ki cire caja ki yi aikinki na yau da kullum kina duban agogo. Ki nemi garanti a rubuce a kan rasit, ko na wata ɗaya ne, mai kaya nagari ba ya gudun wannan. Tunda an riga an buɗe ta, ki sa a share fanka a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Aikin minti ashirin ne, kuma shi zai rage wa sabon batirin zafi.

Bayan an sa, ki duba ko kwamfutarki tana da tsarin taƙaita caji. Lenovo yana da shi a manhajar Vantage, ASUS a MyASUS, Dell a Power Manager ko a BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ya buɗe), HP kuma a BIOS na samfuran ofis irin su EliteBook da ProBook. Yana tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa da haka. A nan nakan saɓa da abin da ake rubutawa a intanet, domin masu rubutun ba a ɗauke musu wuta. Idan unguwarku wuta sai an gani, ki cika shi ɗari ki yi aikinki, don haka aka yi shi, illa dai ki yi ƙoƙarin rufewa idan ya sauko wajen kashi 20. Idan kuwa kina da sola ko kina wuni a jone a ofis, to ki kunna taƙaitawar, ranar tafiya ki kashe. Idan za ki ajiye ta tsawon hutu, ki bar ta a rabi, a kashe, a wuri mai sanyi, ba cikin mota ba. Ki kuma duba ko ramin USB-C na jikinta yana karɓar caji, da yawa daga na ofis na zamaninta suna yi. Idan yana yi, fawa bank mai bayar da wat 65 zai ƙara miki awanni a daren da ba wuta.

Tsohon kuma kada ya shiga kwandon shara, domin bolarmu ƙona ta ake yi, yara kuma suna tone ta. A liƙe bakinsa da salatif, ki bar shi wurin mai gyaran. Idan ya kumbura, kafin ki kai shi ki ajiye kwamfutar a kan siminti, nesa da labule da katifa.